Gizo Bai Hau Allo Ba: Yaran Birnin Zazzau Da Kallon Katun A Zamanin Da Silima Ta Yi Nisa

A shekarar 2019 wani ɗan Najeriya mazaunin Amurka, Roye Okupe, ya saki wani gajeren fim na zane mai motsi, wato katun, mai suna Malika: Warrior Queen. Tsawonsa kimanin minti 15 ne. Tauraruwar fim ɗin sarauniya ce mai jan rundunar yaƙi da kanta, a wata daula ta Afirka ta Yamma da aka laƙaba wa suna Azzaz. Bazazzagi ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane inda aka dosa. Sarauniya Amina aka ɗauko, aka sake mata suna, aka sa mata Turanci a baki, littattafan zanen da fim ɗin ya samo asali daga gare su kuma har takobi mai sihiri suka riƙa mata. A Legas aka zana ta, a kamfanin Anthill, 'yar fim ɗin Kudu Adesua Etomi ce kuma ta ara mata murya.

Bayan shekara biyu, a watan Nuwamban 2021, Netflix ta fitar da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wannan karon da mutane aka yi shi. Hausawa da yawa sun yi ƙorafi a kan harshe da sutura da yadda aka juya tarihi, amma ƙorafin bai hana duniya kallo ba. Abin da fina-finan biyu suka nuna shi ne labarin Zazzau haja ce mai kasuwa, kuma akwai masu cin kasuwar.

To yaya aka yi garin da ke da wannan labari, garin da aka tsara littattafan almara na farko na Hausar boko, garin da ke da ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun koyon zane a ƙasar nan, ya koma ɗan kallo? Ko kallon ma, a ina yaransa suke yin sa?

Kallo a tafin hannu

Duk wanda ya ratsa cikin birni da la'asar sakaliya, ya shigo ta Ƙofar Doka ya bi ta Babban Dodo zuwa ƙofar fada, ko ya kutsa lungunan Kwarbai da Ƙaura da Limancin Kona, ba zai rasa ganin yara uku ko huɗu sun haɗa kawuna a kan dakali ko a bakin zaure sun zuba wa waya ɗaya ido ba. Idan ba ƙwallo ba ce, to katun ne: kyanwa da ɓeran Tom and Jerry, ko Ben 10, ko gimbiyar ƙanƙara ta Frozen, ko Moana mai ratsa teku.

Hanyoyin da waɗannan fina-finai ke bi su shigo gida sanannu ne. Akwai shagunan masu turi, inda za ka ba da 'yan kuɗi kaɗan a cika maka memori. Akwai gidajen da suka kafa dish suna kama tashoshin Larabawa na kyauta irin su MBC3, inda katun ɗin Amurka da na Japan ke magana da Larabci. Akwai YouTube ga mai halin sayen data. Iyayen waɗannan yara su ma sun yi nasu zamanin, lokacin da ake cika falon mai talabijin ɗaya tilo a unguwa don kallon Voltron a tashar NTA, ko shirin tatsuniyoyi na Tales by Moonlight da aka fara a 1984.

Sai dai manyan fina-finan katun na almara ba don waya aka yi su ba. An tsara su ne don allo mai faɗin bangon gida, da lasifikoki ta gaba da ta baya da ta gefe, yadda idan dodo ya yi gurnani sai ka ji shi a ƙirjinka, idan tsuntsu ya gifta sai ka waiwaya. Wanda ya taɓa kai yara silima ya san yadda abin yake. Ana kashe fitilu sai surutu ya ɗauke. Ƙaramin cikinsu ya ƙanƙame hannun yayarsa, ya manta da guggurun da ke cinyarsa. In abin dariya ya zo, ɗakin gaba ɗaya ya kwashe da ita lokaci guda. In jarumi ya shiga haɗari, ka ji yaran da ba su san juna ba suna yi masa ihun ya gudu. Wannan yanayi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Haka zaman tatsuniya yake a ɗakin kaka bayan sallar isha'i: ga duhu, ga taro, ga mai ba da labari ɗaya, kowa ya ba da hankalinsa wuri guda, tsoro na kowa ne, dariya ma ta kowa ce. Waya kuwa ta mai riƙe da ita ce, da cajinta ya ƙare taro ya watse.

Mafi yawan gidajen silima na zamani a Najeriya suna Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan. Magidancin birnin Zariya da ya yi niyyar nuna wa 'ya'yansa sabon katun a babban allo, galibi sai ya haɗa da tafiya: Kaduna mai nisan kimanin kilomita 80, ko Kano da ta kusa ninka haka, ko Abuja. Ya lissafa kuɗin mota da tikiti da abin taɓawa na yara biyar ko shida, sai ya ga buhun masara ya fi kusa. Shi ya sa akasarin yaran birni suka san sunan kowane jarumin katun, amma ba su taɓa zama a ɗakin silima ba.

Yadda silima ta tsaya a bayan ganuwa

Tsada ba ita kaɗai ce ta raba iyalin Bahaushe da silima ba. Akwai tsohon tabo.

Hoto mai motsi ya shigo Arewa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce majigi. Gwamnatin mulkin mallaka, daga baya kuma Gwamnatin Jihar Arewa, ta riƙa tura motoci gari-gari ɗauke da injin haska hoto da janareta. A kafa farin ƙyalle a fili, sau da yawa a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, a jira duhu ya yi. Kyauta ake kallo, ga mai sharhi yana fassarawa da Hausa ta lasifika. Ana nuna tsafta da rigakafi da noman zamani da rangadin manya, a tsarma abin dariya. Baban Larai, fim ɗin da aka yi a shekarun 1950 don jan hankalin manoma ga noman auduga na zamani, har yau dattawa na tuna shi. Majigi na kowa ne. Da izinin sarki ake yin sa, yara ne a sahun gaba, ba wanda ake zagi don an gan shi a wurin.

Ƙofa ta biyu ita ce silimar kuɗi, wadda akasari 'yan kasuwa Kwarori suka kafa. Ita a unguwannin baƙi ta sauka. A Zariya, Sabon Gari da ya tsiro bayan isowar jirgin ƙasa wajen 1911 shi ne matattarar irin waɗannan wuraren shaƙatawa, can nesa da ganuwa da zaurukan malamai. A Kano ma haka aka fara, da silimar Rex a 1937. Akasarin gidajen ba su da rufi, don haka sai dare ake kallo. Maza ne ke cika su, ga hayaƙin taba, ga 'yan daba a bakin ƙofa, macen da aka gani a ciki kuwa ta gama zubar da mutuncinta a idon gari. Sai ga gobarar silimar El Duniya ta Kano a ranar 13 ga Mayun 1951, wadda ta ci rayuka 331. Mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Da aka buɗe silimar Palace a cikin birnin Kano a farkon shekarun 1950, sai da aka yi ta jifan masu shiga. Masanin nan Brian Larkin ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Duk da haka silima ta yi zamaninta. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 samari sun sha kallon Indiya da kaboyi da Canis, ɗalibai na tsallake katanga, 'yan birni na fita ta ƙofofi a kan keke su dawo tsakar dare a saɓe. Amma ba a taɓa ɗaukarta wurin da uba zai riƙe hannun 'yarsa ya kai ta ba. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sayo fim daga waje ya gagara. Bidiyo ya shigo ɗaki, Turmin Danya ya fito a Kano a 1990 ya buɗe ƙofar fina-finan Hausa na kaset, matan aure suka samu abin kallo ba tare da sun taka waje ba. Rikice-rikice suka sa fitar dare ta zama abin tsoro. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin gidajen silima a biranen Arewa suka koma ɗakunan ajiya da wuraren ibada da kantuna.

Wato lokacin da katun na almara ya zama babbar hajar silima a duniya, daga Aladdin na 1992 da The Lion King na 1994 zuwa Toy Story na 1995, daidai lokacin ne allunan Arewa ke mutuwa. Da silima ta dawo da sabuwar kama, mai rufi da sanyi da kujerun alfarma, kamar wadda Filmhouse ya buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero na Kano a tsakiyar shekarun 2010, an ga mata da yara suna shiga da rana tsaka ba tare da an nuna su da baki ba. Hakan ya nuna cewa da ma ba hoton ne abin gudu ba, wurin ne da lokacin da irin mutanen da ke taruwa.

Garin da ya raini almara

Abin da ya sa zancen ya fi ciwo a Zariya shi ne, in ana maganar labarin aljanu da dodanni da dabbobi masu magana a rubuce da Hausar boko, nan ne gidansa.

A Zariya Hukumar Talifi take, ƙarƙashin Rupert East, lokacin da ta shirya gasar ƙaga labarai ta 1933. Biyu daga cikin littattafai biyar da gasar ta haifar almara ce tsantsa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, jarumin labarin, Alhaji Imam, ya bazama duniya neman ruwan da ke warkar da cuta, yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har tafiya ta kai shi hannun aljanu. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin ya gama gwabzawa da Turawa ya zarce ƙasashen aljanu yana yaƙi. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, inda aku ke ɗaure Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya da na gida, ya rina su da Hausa har ba mai cewa baƙi ne. Aikin da kamfanin Disney ya yi ke nan a daidai wannan zamani, domin a 1937, shekarar da Magana Jari Ce ya fara fita, aka saki Snow White and the Seven Dwarfs, wanda shi ma tsohuwar tatsuniyar Jamus ce aka yi wa sabuwar riga.

Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA, da kamfanin buga littattafai na NNPC da ya biyo baya a 1966, duk a Zariya suka ci gaba da wannan aiki. Daga nan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya shiga makarantu. Daga nan Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya fito a 1969, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. A shekarun 1980 NTA Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin, marigayi Kasimu Yero, ɗan Zazzau, yana cikin fitattun 'yan wasan. Amma kyamara da ɗan'adam suna da iyaka. Ba za su iya sa aku ya yi muhawara da waziri yadda mai karatu ke gani a zuci ba, balle su gina birnin aljanu a ƙarƙashin ruwa. Zane ne kaɗai ke iya wannan cikin sauƙi, domin a wurin mai zane kuɗin zana doki da na zana doki mai fukafukai ɗaya ne.

Bayan littattafai ga rumbun baka. Ga Gizo da makircinsa da tsamin bakinsa, ga Ƙoƙi mai haƙuri da shi. Ga Kura mai kwaɗayi da wauta, ga Dila malamin daji, ga Botorami, ga Dodo mai haɗiye gari. Ga Daskin-da-Riɗi, ga Ta-Kitse da ke narkewa in rana ta taɓa ta, ga 'yar bora da 'yar mowa. Kowannensu da halinsa da muryarsa da waƙarsa, an gama gina su tun kaka da kakanni, abin da kamfanonin waje ke kashe miliyoyi kafin su ƙago. Ga kuma tarihin gari da ya cakuɗe da almara: Turunku da Kufena, 'ya'yan Bakwa, Amina da Zariya, da ganuwowin da har yau ake jingina wa Amina a garuruwa da dama.

Ko siffar da fim ɗin zai ɗauka ba sai an aro ba. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zayyanar dagi da ke fuskar tsofaffin gidajen birni, zankwaye a kan soraye, aska takwas a ƙirjin babbar riga, lifidi da kwalkwali da jahi a Hawan Daushe, amon kakaki da tambari da algaita: duk wanda ya zana duniya da waɗannan, ba za a ce ya kwaikwayi Amurka ko Japan ba.

Aikin ba wasan yara ba ne

Me ya hana, tunda ga kaya a ƙasa? Amsa ta farko ita ce wahalar aikin. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Fim mai minti 90 yana cin hoto 129,600. Ko an bi dabarar masu zanen hannu ta barin kowane zane ya tsaya sau biyu, ana bukatar zane 64,800, ban da bango da sararin da ke bayan 'yan wasa. A katun na kwamfuta kuwa sai an sassaƙa kowane ɗan wasa, a sa masa gaɓoɓin da za a riƙa motsawa, a yi masa fata da tufafi, a haska wurin, sannan a bar injuna su kwana suna fitar da hoto ɗaya-ɗaya. Muryoyi ake fara ɗauka, sannan a daidaita motsin baki da su. Aiki ne na shekaru, mai son wutar lantarki marar yankewa da albashin ma'aikata tun kafin a sayar da tikiti ko ɗaya.

Wannan ya saba wa yadda kasuwar fim ɗin Hausa ta ginu, inda ake ɗaukar fim cikin 'yan makonni a sake shi a mayar da kuɗi a shiga na gaba. Ko a Kudu sai a watan Disamban 2020 aka samu cikakken katun na farko da aka yi a gida ya shiga silima, wato Lady Buckit and the Motley Mopsters, wanda Blessing Amidu ta ɗauki nauyi, Adebisi Adetayo ya ba da umarni, aka kuma ruwaito ya ci kimanin naira miliyan 400. Bayan shi Iwájú, haɗin gwiwar Disney da kamfanin Kugali, ya fito a 2024 da labarin Legas ta gobe, sai Iyanu na Roye Okupe a 2025, wanda aka gina a kan al'adun Yarabawa.

Amma tsada ba ta zama hujjar naɗe hannu ba, kuma shaida tana nan kusa, a Jamhuriyar Nijar. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara katun a Afirka ta Yamma. Makanike ne tun farko, ya koyi aikin fim a Yamai tare da Jean Rouch, ya ƙaro sani a Kanada wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda ya yi wa shugabannin Afirka shaguɓe da kwaɗi masu faretin ban girma. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. A Tawa, cikin ƙasar Hausa, ya kafa sansaninsa, yana aiki da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, yana kuma yawo da majigi yana nuna wa mutanen karkara. A nesa kuma, fim ɗin Flow daga ƙaramar ƙasar Latbiya, wanda aka yi da manhajar Blender da kowa ke iya saukewa kyauta, shi ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, ya kayar da manyan kamfanonin Amurka.

Kasuwar ma ta nuna cewa tatsuniyar gida ba koma-baya ba ce. Kirikou et la Sorcière na 1998, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya gina a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, Youssou N'Dour ya yi masa kiɗa, ya zaga duniya. Ne Zha 2 na ƙasar Sin, wanda aka ciro daga wata tsohuwar hikayarsu, ya tara sama da dala biliyan 2 a 2025, akasari daga aljihun 'yan ƙasar. A gida kuwa, yadda fassarar kamfanin Algaita ta sa fina-finan Indiya suka mamaye wayoyi ya isa shaida cewa Bahaushe na biyan kuɗi don ya ji hoto na magana da harshensa.

Damuwar iyaye da ta malamai

Zariya garin ilimi ne, ba a kawo irin wannan zance a tsallake malamai. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin sura, kuma akwai malaman da suke ganin zana duk wani abu mai rai haramun ne. Akwai kuma waɗanda suka sassauta a kan abin da aka yi don yara da koyarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanan da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, take wasa da su. Saɓani ne na gaske, kuma duk mai son yin wannan sana'a a Zazzau gara ya fara da zama da malamai tun labari na kan takarda. Rigimar da ta rusa shirin gina dandalin shirya fina-finai a Ƙofa ta Jihar Kano a 2016 ta isa darasi ga mai ganin za a iya yi ba da su ba.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga sun bi ta nan. A Dubai aka yi Bilal: A New Breed of Hero a 2015, a kan rayuwar Sayyidina Bilal. Saudiyya, bayan fiye da shekara 30 ba silima, da katun na iyali ta fara gwajin nuna fim a Jidda a farkon 2018, kuma a 2021 wani kamfaninta ya haɗa gwiwa da Toei na Japan suka fitar da The Journey, a kan labarin rundunar Abrahata da giwaye.

Su kuma iyaye, damuwarsu a fili take: shigar da ba ta dace ba, raina manya da sunan wayewa, tsafi da gumaka, da aƙidun da ake cusawa a fakaice. Ba kowane katun ne na yara ba. Akwai na Japan da na Amurka da aka yi don manya zalla, kuma mai turi ba ya tantancewa, abin da ke cikin kwamfutarsa yake zubawa. A nan silima ta fi waya aminci. Fim ba ya hawa allonta sai Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta sa masa alamar shekarun da suka dace, uba yana zaune kusa da ɗansa yana ganin abin da yake gani, in an fito kuma a tattauna a hanya. Hana kallo gaba ɗaya ya riga ya gagara. Abin da ya rage shi ne wa zai zaɓa, kuma wa zai ƙera abin da za a kalla.

Abin da ke hannu

Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. A Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, da kiran a haɗa dabarar zamani da gadon gida, kiran da ya sauya fuskar zane a Najeriya. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta gaji makarantarsu a 1962, tana da sashen zane da na ƙirar masana'antu da na wasan kwaikwayo da na harsunan Afirka da na kimiyyar kwamfuta, duk a gari ɗaya. Kowace shekara suna yaye matasa, da yawansu su ƙare a zanen kalanda da katin biki, ko su tattara su nufi Legas da Abuja. A Abuja ɗin ne Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino, katun na ilimantar da yara da ya samu karɓuwa har a ƙasashen waje. Abin da babu shi ne wanda zai tara mai zane da marubuci da masanin tatsuniya da makaɗi a ɗaki ɗaya, ya ba su wuta da abinci na shekara guda.

Ba dole a fara da fim mai awa ɗaya da rabi ba. Tatsuniyar Gizo ɗaya minti bakwai ce ko goma. Jami'a na iya mayar da irin wannan aikin kammala karatu na haɗin gwiwa tsakanin sassa. Masu riƙe da haƙƙin littattafan Imam da na sauran magabata na iya buɗe ƙofa ga masu son zana su bisa yarjejeniya. Gidajen talabijin irin su Arewa24 da tashoshin jiha na iya saye su nuna. Attajiran Zazzau da ke gina kantuna da gidajen mai na iya gwada sa kuɗi a nan, su sani cewa riba ba ta zuwa a wata uku, amma katun ba ya tsufa: yaran bana za su kalla, na baɗi ma haka.

Wurin kallo ma ba sai an jira mai gina katafaren kanti ba. Injin haska hoto na zamani bai fi a rungume shi a hannu ba, farin bango da lasifika da sola sun wadatar. Ɗakunan taro na makarantu da na ƙananan hukumomi suna nan a kulle ranakun hutu. A nuna da rana, a lokacin hutun makaranta da bukukuwan salla, da tikiti mai sauƙi, da wurin zaman mata da yara, da lasisin masu fim, da amincewar masu unguwa. Majigi ya yi haka shekaru da dama a ƙofar fada ba a yi faɗa da kowa ba. Masarautar Zazzau, ƙarƙashin Mai Martaba Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli, wanda mahaifinsa marubucin Hausa ne da ya bar mana Bala Da Babiya, ita ta fi cancanta ta sa albarka a irin wannan yunƙuri, Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta tallafa da horo da kayan aiki.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran gwamnati ko attajiri. Tsofaffin da suka haddace tatsuniyoyi da waƙoƙinsu suna ƙarewa, kuma abin da Frank Edgar da Ibrahim Yaro Yahaya suka tattara a littattafai bai ɗauko murya da karin waƙa ba. Duk mai kaka ko gwaggo a gida da ta iya tatsuniya, ya karɓi wayar daga hannun yara na dare ɗaya, ya zaunar da su gabanta, ya naɗi muryarta ya adana. Masu zane za su zo nema, kuma da abin da aka adana za su yi aiki.